Burbushi a cikin kwalbar dibelofa: a tace ko a zubar?

Wani matashi mai ɗaukar hoto da fim daga Zariya ya aiko da tambaya. Ya ce wata biyu da rabi da suka wuce ya jiƙa fakitin D-76 na lita 3.8, wato garin dibelofa, maganin da ke fito da hoto a jikin fim, da ruwan burtsatse, ya zuba a jarka guda, yana ɗiba kaɗan-kaɗan har ya rage kusan rabi. Da zafi ya tsananta sai ya mayar da jarkar cikin firji. Yanzu da ya ɗauko ta ya ga wani farin abu yana yawo a ciki, wani kuma ya kwanta a ƙasa. Ga shi yana da fim uku na bikin ƙanwarsa da bai wanke ba. Tambayarsa ita ce ya tace ya yi amfani da shi, ko ya zubar.

Ƙanena, sannu da ƙoƙari, kuma ka kyauta da ka tsaya ka tambaya kafin ka tsoma fim ɗin biki. Tambayarka guda ce a baki, amma biyu ce a aiki. Ta farko: wannan abin da ke yawo zai ɓata maka fim? Ta biyu: ruwan da kansa yana da sauran rai? Mutane kan cakuɗa su. Sai ka ga mutum ya tace dibelofa ya yi tas kamar ruwan ido, ya ɗauka ya gyara shi, alhali gawa ya yi wa wanka. Wani kuma ya zubar da lafiyayyen magani don kawai ya ga 'yan ƙwayoyi a gindin kwalba. Tacewa tana amsa tambaya ta farko ne kawai. Ta biyun gwaji ke amsa ta, kuma zan zo kansa.

Fara da kallo. Kada ka girgiza jarkar. Tsiyayo kaɗan a kofin gilashi mai haske, ka ɗora a kan farar takarda, ka haska tocila ta gefe, ba ta sama ba. Ta gefe ne haske ke kama kowane burbushi, kamar yadda kake ganin ƙura a hasken da ya shigo ta taga da hantsi. Ka lura da launin abin, da siffarsa, da kuma ko yana nutsewa ko yana lilo a tsakiya.

Daga bayaninka, zargina na farko firjin nan ne. Lita guda ta D-76 tana ɗauke da giram 100 na sodiyam salfayit, giram 5 na haidurokwinon, giram 2 na metol da giram 2 na boraks. Wannan ne ainihin tsarinsa da kamfanin Kodak ya fito da shi a 1927, kuma ID-11 na Ilford ɗan'uwansa ne na jini. Giram 109 na gari a lita guda ba ƙaramin kaya ba ne, ruwan ya ƙoshi. Da zarar sanyi ya kama shi sosai, sai ya kasa riƙe abin da ya haɗiye, ya fara amayo shi. Abin da ke fitowa yana da ƙyalli, wani kamar ƙwayar sukari, wani siriri kamar tsinken allura, yawanci a ƙasa ko a manne da jikin kwalba. Wannan ba datti ba ne. Maganin ne da kansa.

A nan na taɓa yin ɓarna. Ina yaron shago a Jos, wani hunturu mai tsanani na zo da safe na tarar da gindin kwalbarmu ya yi fari da irin waɗannan ƙwayoyi. Don in burge maigidana sai na nemi auduga na tace shi tsaf kafin ya iso, na wanke fim biyu na hotunan fasfo. Suka fito shara-shara, fuskokin mutane kamar an zana su da ruwan shayi. Da maigida ya zo bai yi faɗa ba. Audugar ya ɗauko daga kwandon shara, ya matse ta a tafin hannunsa, ya nuna mini ƙwayoyin yana cewa ga kuɗinsa nan na zubar. Garin neman gira na rasa ido. Mai yiwuwa da tsufan maganin a ciki, amma tun ranar ban sake tace abu mai ƙyalli ba sai na gwada narkar da shi.

Narkarwar ba wuya. Ka cika bokiti da ruwa mai ɗumi, irin wanda za ka iya barin hannunka a ciki ba ƙuna, ka tsayar da kwalbar a rufe, kana juya ta a hankali lokaci-lokaci. Kada ka jijjiga ta kamar mai kaɗa fura, domin iska kake cusa mata. Ka ba ta rabin awa zuwa awa guda. Abin da sanyi ya fitar zai koma. Abin da ya ƙi komawa, to wani abu ne daban.

Wannan wani abun, a wajenka, kusan na tabbata ruwan burtsatse ne ya kawo shi. Duba cikin butar da ake dafa shayi a gidanku. In ka ga farin ɓawo ya kama gindinta, ruwanku yana da kalsiyam da yawa. Kalsiyam in ya gamu da salfayit ɗin da ke cikin dibelofa sai su haɗu su zama wani farin gari da ba ya narkewa. Ba ya ƙyalli. Yana kama da alli ko ƙullun koko da aka tsinka sosai, in ka taɓa kwalbar ya tashi kamar hayaƙi, in ka bar ta ya koma ya kwanta. Kamfanoni suna zuba wani sinadari a fakitinsu da ke kama kalsiyam ya hana shi wannan aika-aika, amma yana da iyakar abin da zai iya ɗauka, ruwa mai nauyi sosai yakan fi ƙarfinsa. Wanda kuma yake auna sinadaran da kansa ɗaya bayan ɗaya, ba shi da wannan kariyar sam, sai in ya ƙara ta.

Kana iya tabbatarwa. Tace kaɗan, ka kankaro abin da ya rage a takardar ka sa a faranti, ka ɗiga masa ruwan lemun tsami ko khal. In na kalsiyam ne zai narke, wataƙila ka ji ɗan wari mai shaƙe hanci kamar na ashana da aka ƙyasta. Ka yi wannan a waje, da ɗan kaɗan, kuma kada tsamin ya kusanci jarkar kanta, domin dibelofa da tsami ba sa ga maciji.

Labari mai daɗi shi ne wannan farin gari bai cika rage wa magani ƙarfi ba. Abin da ya ci daga salfayit ɗin bai taka kara ya karya ba a cikin giram 100. Illarsa a kan fim take. Fuskar fim in ta jiƙe jalatin ɗinta, wato shafen da ke riƙe hoton, yakan kumbura ya yi danƙo, duk abin da ya sauka a kai ya samu wurin zama, in ta bushe kuma ya zama ɗan gida. Ga yadda za ka gane aikinsa daga baya: burbushin da ya manne ya bushe a jikin nagatif, wato fim ɗin da aka wanke, yana tare haske, don haka a hoto zai fito farin ɗigo. Wanda kuma ya zauna a kan fim tun farkon wanki ya hana magani taɓa wurin, sannan ya wanke ya tafi, yakan bar ɗan fili garau a nagatif, a hoto ya fito baƙin ɗigo. Fari ana iya cike shi da ɗan buroshi ko a kwamfuta. Baƙi a kan goshin amarya kuwa, buroshi ba ya cike shi, sai dai a kwamfuta. Irin wannan farin garin shi ake tacewa: takardar tace kofi a cikin mazurari, ko dunƙulen auduga mai tsabta in babu. Ka fara jiƙa takardar da ruwa mai kyau don ta zubar da gashinta, ka kuma kwantar da bakin mazurarin a jikin kwalba yadda ruwan zai gangara shiru ba kumfa. Ƙyallen atamfa ko tsohuwar singileti ba mataci ba ne, zare za su ƙara maka.

Ba ka faɗa mini ko kana mayar da maganin da ka yi wanki da shi cikin jarkar ba. In kana yi, to akwai baƙo na uku. Salfayit mai yawan nan yana lasar ɗan gishirin azurfa daga jikin fim, shi ya sa ma D-76 ke ba da hoto mai laushin ƙwaya. Azurfar da ya lasa tana biyo ruwan zuwa kwalba, a can maganin ya ci gaba da aikinsa a kanta, ta zama baƙin gari ko toka-toka, wani lokaci ta shafe jikin kwalbar daga ciki kamar hayaƙin fitilar ƙwai. Tare da ita akwai gutsattsarin jalatin, da rinin da ke bayan fim wanda kan ba ruwan launin shuɗi ko ja-ja. Lokacin da ake rububin hotunan fasfo na maniyyata, muna wanke fim bayan fim a magani guda, kwalbarmu takan yi laka a ƙasa har a iya kwasa da cokali. Ana tace ta ta ci gaba da aiki, amma ganin lakar shaida ce cewa maganin ya sha aiki. Ni shawarata ga mai wanke fim biyu ko uku a wata ita ce ya daina mayarwa kwata-kwata. Ka ɗebi abin da kake bukata, ka surka shi da ruwa daidai wa daida, kashi ɗaya magani kashi ɗaya ruwa, a lokacin da za ka yi aiki, ka ƙara lokacin wanki yadda takardar fim ɗin ta nuna, ka gama ka zubar. Jarkarka ba za ta taɓa ganin fim ba, balle ta ga laka.

Akwai waɗanda ba a jayayya da su. In abin yana da zare-zare, yana lilo a tsakiyar ruwa kamar majina ko yanar gizo, kuma ɗumi bai narkar da shi ba, tsami ma bai taɓa shi ba, fumfuna ce ko wani abu mai rai ya samu gida. Zubar, ka wanke kwalbar da ruwan zafi sosai ko ka sauya ta. In ka buɗe ka ji warin amoniya mai hawa kai, fikisa, maganin da ke tabbatar da hoto bayan dibelofa, ta shiga ciki, galibi ta hanyar mazurari ko kofin awo guda da ake yi wa komai amfani da shi. Shi ma zubar. In kuma maganin fim mai launi ne, wato C-41, ka ga baƙaƙen ɗigo masu maiƙo kamar kwalta suna manne wa jikin kwalba, sinadarin launin ne iska ta ƙona. Kwaltar tana bin ril da tankin da ake wanke fim a ciki ta ɓata su, kuma ruwan da ya kai ga haka ban yarda da launin da zai bayar ba. Af, tunda an ambaci fikisa: in ita ce ta fara fitar da gari fari mai ratsin rawaya, tana warin ruɓaɓɓen ƙwai, farar wuta ce ta rabu da ita. Ba ta komawa, tacewa kuma ba ta gyara ta.

Kada ka manta da murfi. Sau da yawa mutum na zargin sinadari, ashe ɗan kwalin da ke cikin murfin ne ya jiƙe yake marmashewa, ko murfin ƙarfe ya yi tsatsa yana zubar da jan gari. Dibelofa ruwa ne mai kanwa-kanwa, yana cin takardar alminiyam da ake liƙa wa bakin wasu kwalabe. Juya murfinka ka duba.

Guda ɗaya ne na san ya fita daga duk wannan hukunci, shi ne Rodinal, wani dibelofa da kamfanin Agfa ya fara sayarwa tun ƙarshen ƙarni na 19, an yi masa rajista a 1891. Shi yakan yi baƙi kamar kofi, ya tara tsakuwa a gindin kwalba har ka ji tana ƙara in ka motsa, kuma ya wanke maka fim lafiya lau bayan shekaru. Da tsohuwar zuma ake magani. Ka bar masa tsakuwarsa, ka tsiyayi na sama. Amma kada ka auna D-76 da mudun Rodinal.

To, yanzu tambaya ta biyu, wadda ta fi damuna game da jarkarka. Abin da ke kashe dibelofa ba ya yawo a gani. Iska ce. Metol da haidurokwinon aikinsu shi ne su ba da kansu ga azurfar da haske ya taɓa, amma ba sa tantancewa, in oksijin suka samu shi za su ba. Salfayit yana tare musu faɗa har ya gaji. Kodak da kanta ta ce D-76 da aka jiƙa yana kai wata 6 a cikakkiyar kwalba mai rufe gam, amma wata 2 kacal a kwalbar da ta rage rabi. Wannan lissafi kuwa na ɗaki ne mai sanyi-sanyi, kusan digiri 20, ba ɗakin Zariya a watan Afrilu ba, inda zafi kan doshi 40. Ƙa'idar da masu sinadarai ke ƙiyasi da ita ita ce duk ƙarin digiri 10 yakan kusan ninka saurin irin wannan lalacewa. Kai kuma wata biyu da rabi, rabin jarka iska, kuma jarkar roba irin ta mai tana barin iska ta ratsa jikinta a hankali. Ka ga ko babu burbushi ko ɗaya, da sai na ce ka yi hattara.

Launi yana ba da labari kaɗan. Sabon D-76 garau yake ko da ɗan ratsin ruwan ciyawa busasshiya. In ya koma kalar shayi marar madara, ya tafi. Sai dai launi ba shaidar da za a rataya fim ɗin biki a kanta ba ce. D-76 yana da wata ɗabi'a ma: yana iya ƙara zafin aiki bayan ya kwana biyu a ajiye, ya ba ka hoto mai tsananin fari da baƙi fiye da yadda ka saba, kafin daga baya ya faɗi. Xtol kuwa, wani dibelofa da Kodak ta fitar a 1996 da sinadarin dangin bitamin C, shi ya yi suna wajen mutuwar fuju'a. Yana nan garau ba alama, ka wanke fim ya fito fari fat. Ana danganta hakan da ɗan ƙarfen da ke cikin ruwa, don haka mai tankin ƙarfe ko tsohon famfo mai tsatsa ya kiyaye.

Sai an gwada akan san na ƙwarai. Yanko ɗan harshen fim, wannan da ke leƙowa daga gwangwani wanda haske ya riga ya cinye. A cikin haske, ba sai ka shiga ɗakin duhu ba, ka tsoma rabinsa a ɗan kofin maganin da ka kawo digiri 20, ka bar shi tsawon lokacin da ka saba wanke irin wannan fim, kana motsa shi. Cikin minti ɗaya zuwa biyu ya kamata ka ga ya fara duhu. In lokaci ya cika ka ɗauraye, ka sa a fikisa har rabin da bai taɓa magani ba ya washe. Ɗaga shi ka kalli ƙwan lantarki ta cikinsa. Lafiyayyen magani zai ba ka baƙi ƙirin wanda da ƙyar za ka hango ƙwan. In toka-toka ne kana ganin ɗaki ta ciki, an gama magana. Dabarar da na fi so ita ce ka yi wannan gwaji ranar da ka jiƙa sabon magani, ka manna guntun a jikin kwalbar da salatif. Duk ranar da ka yi shakka kana da abin kwatance a hannu. Haka kuma rubutun da ke gefen fim, lambobi da sunan kamfani, ma'auni ne kyauta: in hoto ya fito shara-shara amma rubutun gefe baƙi ne sosai, laifin kyamara ne ko awon haske. In rubutun ma ya kwanta, maganin ne.

Ga hukuncina a kan jarkarka. Ɗumama ta, abin da ya narke ya narke. Bar ta ta kwana, ka tace abin da ya saura, ka yi gwajin harshen fim. In ta ci, ka yi amfani da ita a fim ɗin da ka ɗauki awaki da bishiyoyi don koyon hannu. Fim uku na bikin ƙanwarka kuwa sabon magani za ka jiƙa musu, ko da tsohon ya ci gwaji. Gwajin yana nuna maka rai, ba ya nuna maka ko ƙarfin daidai yake da lokacin da ke rubuce a takarda. Na san fakitin yana da tsada kuma ba a kowane gari ake samunsa ba, amma fim ɗin da aka ɗauka yana iya jira makonni a wuri mai sanyi ba abin da zai same shi, biki kuwa ba a maimaita shi.

In ka zo jiƙa sabon, ruwa ne farko. Mafi kyau shi ne ruwan tururi, wanda masu kemis ke kira distil. Ka yi hankali da abin da ake sayarwa da sunan ruwan batir, domin wani distil ne, wani kuma an surka shi da asid, wanda zai kashe maka fakitin nan take. Ruwan leda ba distil ba ne, yawanci na burtsatse ne aka tace. Ruwan da aka kwantar da alam ma ka guje shi, alam yana yin farin gajimare a dibelofa. In babu distil, ka tafasa ruwa sosai, ka rufe shi ya huce ya kwana, ka tsiyayi na sama ka bar na ƙasa. Tafasawa tana sauke wani kaso na kalsiyam, tana kuma korar iskar da ke cikin ruwan. D-76 yana son ruwa mai zafin digiri 50 zuwa 55 wajen jiƙawa. Ka zuba garin a hankali kana juyawa har ƙwaya ta ƙarshe ta ɓace, domin wani burbushin tun ranar farko yake, garin ne bai gama narkewa ba. Kada ka raba fakiti biyu don tattali, sinadaran ba su gauraye daidai a cikinsa ba, rabi zai fi rabi. In kuma ka buɗe ka tarar garin ya dunƙule ya yi ruwan ƙasa saboda laimar damina, ya mutu tun a leda.

Sannan ka rabu da jarka guda. Nemi ƙananan kwalabe na gilashi, masu ɗaukar abin wanki ɗaya ko biyu, ka cika kowace har wuya, ka rufe da murfin roba. Wadda ka buɗe ka ƙarar da ita, sauran ba su san an yi ba. Robar lemon kwalba mai gas ma tana riƙe iska da kyau, amma ina jin tsoronta a gida mai yara: ruwa garau a robar lemo a cikin firji, ka san abin da zai biyo baya. In dole ne, ka ɓare takardarta, ka rubuta guba da manyan baƙi, ka kulle a akwati. Rubuta ranar jiƙawa a jiki. Wajen ajiya kuma ba firji ba, ba kan taga ba. Ƙasan ɗaki a lungu mai duhu ya isa, ko gindin randa inda ƙasa ke da damshi. Dabarar tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakani, wadda Mohammed Bah Abba ya yaɗa a Jigawa har ta kai shi ga lambar yabo ta Rolex a 2000, don tumatir da yalo aka yi ta, amma a lokacin rani tana ba kwalaben magani irin sanyin da suke so, wanda bai kai ya sa su amayar da gishirinsu ba. Ka ware musu tasu tukunyar daban da ta kayan miya.

Ka sa safar hannu in za ka yi tacewar nan. Metol yana sa wa wasu ƙaiƙayi da tsagewar fata, kuma wanda ya kama sau ɗaya ba ya sakinsa. Abin da za ka zubar kada ya bi ta kusa da rijiya. In ka yi gwajin harshen fim ɗin, ka ɗauko shi a waya ta gaban ƙwan lantarki ka aiko mini, tare da farantin da ka ɗiga wa lemun tsami.